Haɗin da Ke Tsakiyar Makara

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, kafinta, ana ce masa Sallau. Ba malami ba ne, ba mai hali ba ne, a masallaci ma sahun baya yake tsayawa saboda garin katakon da ke jikin rigarsa. Ku matso ku saurara. Kai ma mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, ina ganinka.

Makarar unguwarsu ta tsufa, gara ta cinye ta, aka yar da ita. Sallau ya ce shi zai yi sabuwa, sadaka. To katakon da ya samu mai kyau ne amma gajere, bai kai tsawon sandunan makara ba, dole a yi haɗi a tsakiya. Akwai haɗin da kafintoci ke yi: a yanka haƙora a bakin wannan katako, a yanka a bakin wancan, a shafa gam, a cusa su cikin juna. Ku sarƙe yatsun hannuwanku ku gani. Yauwa, haka. Inji ne ke yanka haƙoran, ana ɗaura masa bakin ƙarfe, kuma bakin iri-iri ne. Akwai mai gajerun haƙora, na taga da akwati. Akwai mai dogayen haƙora, na abin da za a ɗora wa nauyi.

Sallau ya san wannan sarai. Amma ya kwana biyu yana aikin tagogi, hannu ya saba, ido ya saba. Ya haɗa sandunan nan biyu, ya goge, ya shafa koren fenti, aka kai masallaci ana ta sa masa albarka.

Wata safiya ya zo zai canza bakin inji, sai ya ga gajeren ne a ɗaure. Dogon kuwa yana cikin ƙunshinsa, ko ƙura babu a jikinsa. Ya zauna ya yi ta laluben ranar da ya ɗaura dogon, bai samu ba, don ba a yi ranar ba. Ya miƙe zai je ya ɗauko makarar ya sake aiki, bai ko sa takalmi ba ya ji sanarwa: Allah ya yi wa Inna Tabawa rasuwa, mahaifiyar Mamuda, yanzu za a yi jana'iza.

Jama'a, kun san gawa ba ta jira. Makabartarsu da nisa, ga gangara a hanya. In haɗin nan ya buɗe, tsohuwar nan za ta faɗo ƙasa a gaban maza, cikin likkafaninta. Abin da Sallau ke gani ke nan yana gudu zuwa masallaci.

Da ya isa an riga an ɗora ta, ana daidaita sahu. Nan Shaiɗan ya zo, ku ji yadda yake zuwa, ba ya cewa ka yi mugunta. Cewa ya yi gam ɗin mai ƙarfi ne, tsohuwa ba ta da nauyi, kuma Mamuda mutum ne mai zafin rai. Ya ce yi shiru, ka sa kafaɗarka daidai haɗin, ka ƙi ba kowa wuri, ka rufa wa kanka asiri ka rufa mata. Wallahi dabarar ta yi wa Sallau daɗi, har ya ji sanyi a ransa. Sai ya sake duban makarar. Sanda biyu, haɗi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Shi kuwa mutum ɗaya ne.

Ana idar da salla mutane suka sunkuya za su ɗauka. Sallau ya ce, "Don Allah ku dakata." Ya gaya wa liman a gaban kowa cewa ya yi kuskure, bakin da ya yanka haɗin da shi ba na ɗaukar nauyi ba ne, kuma ba zai iya rantsuwa zai kai makabarta ba. Liman ya tambaya ko akwai wata makarar kusa, aka ce sai ƙauyen da ke hayin rafi, ga kabari an haƙa, rana na ɗagawa.

Mamuda ya tako har gabansa, idonsa jajur. Ya ce, "Sallau, uwata ce fa a kan abin nan."

Sallau ya ce, "Na sani, shi ya sa na faɗa. In mun dawo ka yi mini duk abin da ka ga dama. Yanzu mutum ɗaya nake nema, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin wancan haɗin, kada ya cire har mu isa."

Mamuda ya zagaya hagu ya sa tasa.

Kun san al'ada, masu ɗauka suna canzawa don kowa ya samu lada. Na gaba suka canza, na baya suka canza, mutanen nan biyu ba su canza ba. A kan gangara Sallau ya ji katako ya yi ƙara a gefen kunnensa. Ya danne shi da hannu biyu, gumi na shiga masa ido, bakinsa ba abin da ke fita sai Hasbunallahu. A haka suka isa. Inna Tabawa ba ta taɓa ƙasa ba sai ƙasar kabarinta.

Ba zan yi muku ƙarya in ce an yaba masa ba. Mamuda ya daɗe ba ya amsa sallamarsa, wasu suka janye aikinsu. Ko haɗin zai karye da ya yi shiru? Allah ne masani. Shi dai bai yarda ya gwada da uwar wani ba.

To ku ji abin da nake so ku tafi da shi. Kuskure kowa na yi, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ka san inda aikinka yake da rauni, ka ga mutane za su ɗora rayuwarsu a kai, ka yi shiru don gudun kunya, kana cewa kai kaɗai za ka tare. Ba za ka iya ba. Kai direba, ka san birkinka. Kai magini, ka san simintin da ka rage. Ke mai sayar da abinci da ke saurare a bayan labule, kin san wanda ya kwana. Ku faɗa tun ba a ɗauka ba, don akwai ranar da mu ma wasu za su ɗauke mu, ba mu da bakin tambayar a kan me aka ɗora mu.

Allah ya ba mu ƙarfin halin faɗin aibin aikinmu, ya sa mu cika da imani.