Karen da ya sha nonon Akuya

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu saurare ta.

Karya ta haihu, nononta ya ƙafe, kwikwiyonta ya rame har haƙarƙari ya fito. Maƙwabciyarta Akuya ta haɗa shi da ɗanta ta shayar da su. Cikinsa ya lafa, gashinsa ya yi sheƙi, ƙashinsa ya yi ƙwari. Amma Karya ba ta taɓa gaya masa ba, wai kada karnuka su raina ta.

Da ya girma, ran nan ya yage kunnen ɗan Akuya.

Akuya ta zo da ɗanta ta tsaya a ƙofar gidan Karya. Karya ta ce, "Yaya, shigo mu yi magana a ɗaki."

"A nan zan tsaya. Ba haƙuri na zo karɓa ba. Ki gaya masa a gaban kowa, nonon wa ya ƙarfafa haƙoran nan."

Karya ta dubi karnukan da suka taru, ta sunkuyar da kai. Ta ce wa ɗanta, "Nata ne. Ɗan'uwanka ka ciza."

Kare ya cusa wutsiya, ya durƙusa yana lasar kunnen, ya kasa ɗaga ido.

Ƙurunƙus kan ɓera, ta ƙare a nan.