Dila Mai Ɗanɗanon Kayan Fatake

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wai da akwai ƙasashe biyu, Tudu da Fadama, kogi ya raba su. Tudu akwai gero ba kifi, Fadama akwai kifi ba gero. Mashigi ɗaya ne tak, Dila ke tsaronsa. Kowa ya zo da kaya sai ya sauke, Dila ya kwashi rabi. Kafin kifi ya isa Tudu ya yi tsada, talaka sai dai ya ji ƙamshi.

Ran nan Giwa sarkin Tudu da Dorina sarauniyar Fadama suka zauna, suka ce daga yau kowa ya wuce da kayansa, kada a taɓa masa ko ƙwaya. Kasuwa ta cika, kifi ya yi araha, gero ya yi araha. Dila kuwa ya rame, haƙarƙari duk a waje.

Sai ya tafi Tudu ya faɗi gaban Giwa ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, kifin Fadama zubar da gashi yake yi."

Ya haye Fadama wurin Dorina. "Ranki ya daɗe, geron Tudu kumbura ciki yake yi."

Kowannensu ya ce, "To, ina mafita?"

"A naɗa ni mai ɗanɗano. In da cuta, ta ƙare a kaina."

Aka naɗa shi. Kifi ya zo, Dila ya ɗanɗana. Fura ta zo, Dila ya ɗanɗana. Ɗanɗano dai, ɗanɗano dai, har rabin kwando. Kaya suka koma tsadarsu.

To, akwai wata tsohuwar Bushiya mai sayar da fura, abin ya ishe ta. Ta daka barkono zalla, ta cura, ta baɗe shi da garin gero, ta nufi mashigi.

Dila ya ce, "Inna, me aka kawo mana?"

"Fura ce, ɗan nan. Kaɗan za ka gutsura."

Ina! Dila ya haɗiye curi uku. Ido ya yi jajir, ya kurma ihu, tsundum cikin kogi, yana cewa, "Wayyo, na tuba! Ba abin da kifi ke yi, ba abin da gero ke yi!"

Giwa da Dorina suka ji ihun, suka zo. Dorina ta tsamo shi, Giwa ya ɗaga ƙafa zai take.

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, dakata. Wa ya san mai kifi mafi daɗi a Fadama? Wa ya san mai gero marar tsakuwa a Tudu? Duk na ɗanɗana. Ka taka ni, ka taka sani."

Giwa ya sauke ƙafa. Aka bar Dila yana haɗa mai saye da mai sayarwa, la'adarsa kan kifi ɗaya, shi ma sai in an ga dama.

Kurunkus kan busasshen kifi! Ku dai, in an buɗe hanya kowa ya wuce, ku lura da mai cewa zai ɗanɗana muku don lafiyarku.