Rariya da Ɗan Mai Aski

Akwai wani mai faci, jama'a, da kowa ke kira Rariya. Ba sunan yanka ba ne. 'Yan kallon ƙwallo ne suka raɗa masa, sunan kuma ya bi shi har furfura.

A zamaninsa shi ne golan ƙungiyar garinsu. Shekara da shekaru yana tare musu raga, har ya kai su wasan ƙarshe na cin kofi, abin da ba su taɓa gani ba. Ana dab da tashi, wani ya bugo wata lallausar ƙwallo, irin wadda ko tsohuwa za ta tare da zani. Ya durƙusa zai kama, ta sulale ta tsakanin ƙafafunsa ta shige raga. Kofi ya tafi.

Shi ke nan fa. Duk waɗanda ya tare a baya babu mai tunawa, sai wannan guda ɗaya.

Washegari ya tura safar hannunsa ƙarƙashin gado. Bai sake komawa fili ba. Ya kafa rumfar faci a bakin titi, ya ci gaba da neman abincin iyalinsa.

Tsallaken titin akwai shagon aski. Mai askin nan masoyin ƙungiyar ne na ƙin ƙarawa, ga shi da baki. Ya yanko hoton ranar daga jarida, ya sa masa gilashi, ya rataye a saman madubi. Duk baƙon da ya zauna a kujera sai ya nuna masa.

"Ka ga wannan da ya buɗe ƙafa? Ga shi can tsallake, yana hura taya."

Wani lokaci ya leƙo da almakashi a hannu ya ɗaga murya: "Rariya! A riƙe tayar nan da kyau, kar ta bi ta ƙasa!"

Shago ya kwashe da dariya. Shi kuwa mai faci sai dai ya ɗaga hannu ya ce, "Na ji, maƙwabci."

Kar ku ɗauka abin ba ya masa ciwo. Yana yi, wallahi. Gajiya ce kawai ta fi ƙarfin fushin.

Wata rana matarsa ta ce, "Baban yara, mu bar unguwar nan mana. A makaranta ma 'ya'yan Rariya ake ce wa yaranka."

Ya ce, "Mu je ina? Sunan zai riga mu sauka daga mota."

Kwanci tashi, ɗan mai aski ya girma, kuma da yake Allah ba ya barci, sai ya zama gola. Ya iya kuwa, ba laifi. Ƙungiyar garin ta ɗauke shi, uban ya samu abin faɗa.

"Nawa ƙofar ƙarfe ne," in ji shi, yana kallon tsallaken titi. "Ba irin wasu ba."

Aka sake kaiwa wasan ƙarshe. Aka bugo kwana, yaron ya fito da gudu zai naushe ƙwallon, ya naushi iska. Ta wuce ta bayansa, wani ya sa mata kai. Kofi ya sake tafiya.

A zamanin Rariya jarida ce kawai. Yanzu kuwa kun san halinmu da waya. Kafin yaron ya isa gida, bidiyon ya riga shi. Aka sa masa Ƙaramin Rariya. Wani ma ya buga hotonsa ya manna a ƙofar shagon uban, kuma cikin masu dariyar akwai waɗanda shi ya saba yi wa aski.

Mai aski ya kasa buɗe shago. Yaron ya kulle kansa a ɗaki, abinci sai dai uwarsa ta ajiye a ƙofa ta dawo ta ɗauke. Ya ce shi da ƙwallo har abada. Kocinsu kuwa ya aiko cewa in bai zo atisaye a makon nan ba, za a ba wani gurbinsa.

Da safe mai faci ya durƙusa ya jawo safar hannun nan daga ƙarƙashin gado. Duk ta bushe ta tsattsage. Ya ɗauki wata ƙwallo da aka kawo masa faci ba a dawo karɓa ba, ya nufi gidan mai aski.

Mai aski ya buɗe ƙofa, ya ga ko wane ne, ya sunkuyar da kai.

"In dariya ka zo yi, yi abinka. Na cancanta."

"Ba wajenka na zo ba. Ina ɗakin yaron?"

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya ƙwanƙwasa.

"Ɗana, ni ne mutumin da ke saman madubin babanka."

Ya sake ƙwanƙwasawa, ya ci gaba.

"Ban zo in ce maka ba komai ba. Da komai. Za su yi ta faɗa har ka tsufa, ni shaida ne. Amma mu gololi muna da abu ɗaya: ƙwallon da ta ci ka, sai a sake bugo maka irinta da wuri, tun hannunka bai koyi tsoro ba. Ni na zauna a ɗaki ina jiran wanda zai zo ya bugo mini. Ba wanda ya zo. Taso mu je."

An daɗe kafin makulli ya motsa. Yaron ya fito, idanu sun kumbura, ya ce, "Baba, hannuna rawa yake."

"Nawa ma ya yi. Ungo, sa safar nan."

Suka tafi filin bayan makaranta, babu kowa sai awaki. Tsoho ya tsaya a kusurwa da gwiwarsa mai ciwo, ya bugo kwana. Yaron ya fito ya kuskure. Ya sake bugowa, ta kufce masa. Bai yi masa faɗa ba, bai kuma lallashe shi ba, "sake" kawai yake cewa. Mai aski da ya biyo su a baya, shi ne ya koma mai tsinto ƙwallo.

Can rana ta ɗaga, yaron ya yi tsalle ya cafke ta, ya rungume a ƙirji, ya durƙusa yana kuka. Da yamma ya je atisaye. 'Yan kallo ba su fasa yi masa ihu ba, kun san mu, amma ya tsaya a ragarsa.

Washegari mai aski ya buɗe shago. Ya taka kujera ya sauke hoton, ya kife shi a ƙasa. Ya tsallaka titi zuwa rumfar faci, inda mutumin ke nutsa tiyub a ruwa yana neman inda ya huje.

Ya buɗe baki zai yi godiya. "Rari..." Sai ya tsaya. Ya lalubi wani sunan a kansa, babu. Fiye da shekara ashirin suna kallon juna kullum.

"Maƙwabci," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "don girman Allah, mene ne sunanka?"

Mai faci ya ɗago ya dube shi. Ya faɗa masa.

Mai aski ya maimaita sunan, ya ce, "Na gode. Ka yafe mini."

Mutumin ya mayar da tiyub cikin ruwa, bai ɗago ba. Ya ce, "Sake faɗa. Tun rasuwar mahaifiyata ban ji shi a bakin kowa ba."

Darasi: Wanda kuke zagi saboda kuskuren minti ɗaya mutum ne, yana da uwa, yana da 'ya'ya, yana da suna. Ku kun tashi daga kallo kun manta, shi da abin yake kwana. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, ba dariya ba. Ku tura wa abokan kallonku, musamman mai bakin nan da ke cikinku.