Ƙishirwar Nomau a Gonar Surukinsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, ku gyara zama. Ke Uwani, fitar da karan nan daga wuta kafin ki ƙona mini zane. Ta yau ba ta dariya ba ce, na faɗa muku tun da wuri, kada wani ya ce ban faɗa ba.

A wani ƙauye an yi wani saurayi wai shi Nomau. Manomi ne na gasken gaske, idan ya sunkuya da fartanya ba ya ɗagowa sai ya ga ƙarshen gona. Ba ya ƙarya, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa ɗaya ne, kunya ta yi masa yawa. Ko ƙafarsa ka taka, shi ne zai ba ka haƙuri.

Ya ga wata yarinya a ƙauyen gaba mai suna Dela, 'yar wani tsoho, Baba Jatau. Yana sonta, tana sonsa, har aka yi baiko. Saura abu ɗaya. A garin su Dela ba a sa ranar biki sai saurayi ya zo ya yi wa surukinsa noman kwana uku, shi kaɗai. Nomau ya saɓa fartanyarsa ya tafi, bakinsa har kunne.

Shekarar kuwa an yi shuka, gero ya fito, sai ruwa ya ɗauke. Rana ta buɗe, ƙasa ta yi zafin da ko kare ba ya iya takawa.

Ranar farko da hantsi, Dela ta zo gona da tulu a kai da ƙoƙo a hannu. Ta sauke a gindin tsamiya, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sannu da aiki. Ga ruwa nan. Mai zaman inuwa ma ƙoƙo takwas yake sha kafin rana ta faɗi, balle kai da kake tsakiyar rana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kada in dawo in tarar da saura." Ta juya ta tafi gida.

Baba Jatau yana gefen gona yana tsintar ciyawa. Dattijo ne mai sanin ya kamata, ya san yaro ba zai iya kafa kai a ƙoƙo a gaban surukinsa ba. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Bari in je in duba awaki." Ya rataya 'yar gorarsa ta ruwa, ya tafi can bayan wani suri, ya zauna ya ba gonar baya, don yaron ya sha ya ƙoshi.

To, ashe Gizo yana kan tsamiyar nan. Rijiyar unguwarsu ta ƙafe, matarsa Ƙoƙi ta ba shi tulu ta ce ya je rafi ya ɗebo, rafin kuwa tafiyar rabin yini ne. Kun san Gizo da son jiki. Ya yi kwance a reshe yana neman dabara, sai ga ruwa ya zo har ƙarƙashinsa.

Nomau ya cika ƙoƙo, ya kai baki ke nan, sai Gizo ya zuro.

"Shannu, ango! Af! Me zan gani haka? Yuwa za ka sha a gonar shuyukinka?"

Nomau ya ce, "Ai Baba ya tafi duba awaki."

Gizo ya ƙyalƙyale da dariya. "Awaki! Yaro, yaro ne. Yana bayan surin can ya zuba maka ido. Gwaji ne. Samari biyu sun zo kafin kai, kowanne ya kafa kai a tulu, aka sallame shi. Tsohon ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga mai maƙogwaron kwaɗo ba. Kai ba ka ga Raƙumi ba? Me ya sa ake girmama shi? Don yana kwana bakwai bai sha ba."

Nomau ya janye bakinsa. Ya ajiye ƙoƙon a hankali, ya ce, "To yaya zan yi da ruwan? Ta ce kada ta tarar da saura."

"Ai amfanin zumunci ke nan. Juye mini a nawa tulun, in ɗauke maka nauyin."

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nomau ya juye masa ruwan tas, har da yi masa godiya. Gizo ya kinkimi tulu ya yi gida, ya ce wa Ƙoƙi ƙafafunsa sun kusa karyewa a hanyar rafi.

Nomau ya koma noma. Gumi yana zuba, kansa ya fara sarawa, leɓensa ya bushe ya tsage. Da azahar Kurciya ta sauka kusa da shi ta ce, "Nomau, Nomau, leɓenka ya tsage. Ni da ban cika tafin hannunka ba, kullum sai na je bakin ruwa safe da yamma. Ka sha ruwa."

Ya ce, "Ke tsuntsuwa ce, ba ki da surukai."

Kurciya ta tashi abinta. Kukan kurciya jawabi ne, amma sai mai hankali ke ganewa.

Da yamma aka sauke shi a zauren Baba Jatau, aka kawo masa tuwo da ruwa. Ya ce a ransa, nan ma ai gidan surukai ne, wa ya sani ko ana leƙe. Ya yi loma biyu, ya kurɓi ruwa sau ɗaya, ya ture kwaryar.

Rana ta biyu, Dela ta kawo tulu. Ta ga na jiya wayam, ta ji daɗi, ta ce, "Yauwa, haka nake so." Baba Jatau ya yi gyaran murya, ya tafi duba awaki. Gizo ya zuro.

"Shannu, ango! Jiya na ji tsohon yana yabonka. Ya ce bai taɓa ganin namiji irinka ba. Juye mini."

Nomau ya juye masa. Yana kallon ruwan yana wucewa daga tulu zuwa tulu, ya nemi yawun da zai haɗiya ya rasa.

Can da rana ya zaga bayan wata sabara don ya yi fitsari. Kai Ɗanliti, me kake wa dariya? Kai ba ka yi ne? Wa ya jiƙa mini tabarma shekaranjiya? To rufe mini baki. Nomau ya tsuguna, da ƙyar 'yan ɗigo suka fito, su ma ja wur, ga zafi.

Jakin Baba Jatau yana ɗaure a wurin, ya ɗago kai ya ce, "Nomau, Nomau, na ga abin da ka zubar. Na mai lafiya fari-fari ne, kuma da yawa. Naka ya yi ja kamar zoɓo. Jikinka ne ke kuka. Ka sha ruwa."

Ya ce, "Yau kuma jaki ne zai koya mini zama da manya?"

Jaki ya kaɗa kunne ya ci gaba da cin ciyawarsa. Ranar nan Nomau ya yi noma jijiyoyin ƙafarsa suna ɗaurewa, in ya ɗago sai ya ga gonar tana juyawa. Amma ya ce saura kwana ɗaya, Dela ta zama tasa.

Rana ta uku, Dela ta sauke tulu, ta saci kallonsa, ta ga idanunsa sun faɗa. Ta ce, "Lafiya kuwa?" Ya ce, "Lafiya lau, gajiya ce." Ita ma kunya ta hana ta ƙara tambaya. Ta tafi tana waiwaye. Tsoho ya tafi bayan suri. Gizo ya zuro, ya shafa bayan Nomau, ya ji shi a bushe ƙayau, da zafi kamar tukunyar da aka sauke.

"Madalla! Ka gani? Har gumi ya daina zuba. Ka zama Yaƙumi sosai. Juye mini."

Ya ku jikokina, ku riƙe wannan. Idan mutum yana cikin rana gumi ya ɗauke masa, ba ƙarfi ya samu ba, rijiyar jikinsa ce ta ƙafe. Amma Nomau bai sani ba. Ya juye, Gizo ya yi gaba.

Rana ta take tsaka, sai ga Raƙumi ya biyo hanyar gefen gona da kayan gishiri. Nomau ya dogara da fartanya, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Ranka ya daɗe, koyi nake da kai. Yau kwana uku rabona da in sha ruwa in ƙoshi."

Raƙumi ya tsaya cak. "Da ni? Wane maƙaryacin ne ya gaya maka ba na sha? Kafin in taso sai da na shanye kwami uku, har mai jan guga ya gaji ya zage ni. Ni Allah ya yi mini jikin ajiya. Kai naka rariya ne, abin da ka zuba da safe ya fita kafin la'asar. Wanda ya ba ka wannan shawara kabarinka yake haƙa. Maza ka sha ruwa!"

A nan ne Nomau ya gane. Ya saki fartanya, ya nufi tsamiya yana tangaɗi. Ya rungumi tulu ya kifa a bakinsa. Ko ɗigo babu. Shi da hannunsa ya juye wa Gizo ruwan.

Ya dubi suri. Ga shi can, bai fi taku arba'in ba, kuma ya san akwai gorar ruwa a kafaɗar tsohon. Kira ɗaya ya isa. Ya buɗe baki zai ce, Baba, taimake ni da ruwa. Sai ya tuna wa zai roƙa. Surukinsa! Ya zo noman neman aure ya ɓige da roƙon ruwa? Idan kuma Gizo ya yi gaskiya a wannan ɗaya fa? Ya rufe bakinsa. Wallahi duk lokacin da na zo nan sai in ji kamar in shiga cikin tatsuniyar in kwaɗa masa mari.

Ya koma ya ɗauki fartanya. Abin da ya rage na gonar bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Ya nome ta farko. Ya nome ta biyu da rarrafe. A ta uku ya sara sau ɗaya, ya kifa.

Baba Jatau ya ji shiru ya yi yawa, ya fito. Ya hango yaro kwance, ya jefar da sanda ya sheƙo yana salati. Ya ɗago kansa ya ɗora a cinya, ya kwance gora yana zuba masa, ruwan yana bin gefen baki yana zuba ƙasa. Ihunsa ya kai gari, Dela ta taho da gudu ko ɗankwali babu.

Nomau ya buɗe ido da ƙyar, ya ga fuskar tsohon, ya yi murmushi. Ya ce, "Baba, ban sha ba. Kwana ukun nan ko ƙoƙo ɗaya ban sha a gonarka ba. Na ci gwajin?"

Tsoho ya ce, "Wane gwaji, ɗana? Wane gwaji? Ni da nake barin inuwa in je in zauna cikin rana don ka sake ka sha!"

Ban sani ba ko Nomau ya ji wannan magana. Kafin Dela ta durƙusa a gabansa, rai ya yi halinsa.

Jaki ne ya faɗi duk yadda aka yi. Mutanen gari suka ɗauki sanduna suka nufi gidan Gizo. Da ya ji tafiyarsu, ya ce bari ya ɓatar da shaida. Ya kafa kai a randar da ya tara ruwan, ya yi ta sha ba numfashi har ya ga gindinta. Cikinsa ya kumbura tim, kansa ya juya, ya yi ta kelaya amai, ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. Da ƙyar ya ja jiki ya maƙale a kusurwar rufin ɗaki. Shi ya sa har yau kuke ganinsa can, ƙaton ciki da 'yan ƙafafu kamar tsinke, ba ya iya haɗa ido da mutane.

Bayan kwana biyu da binne Nomau ruwa ya sauko. Gonar nan ta yi geron da ba a taɓa gani ba, amma Baba Jatau ya kasa kai ko loma ɗaya bakinsa, ya rabar da shi duka sadaka. Dela kuwa ta daɗe ba ta iya ɗaukar tulu sai ta yi kuka.

To, kun ji. Ruwa ba a yi masa kunya, ba a kuma yi masa jarumta. Mai zaman inuwa ya sha wajen ƙoƙo takwas a yini, mai aiki cikin rana da mai shayarwa da mai zazzaɓi su ƙara a kan haka. A sha kaɗan-kaɗan tun safe, kada a jira sai maƙogwaro ya bushe, kada kuma a ɗura shi gaba ɗaya irin na Gizo. Wanda bai san ko ya sha isasshe ba, ya dubi fitsarinsa, shi ba ya ƙarya. Kunya ado ce, amma kunyar da za ta hana ka cewa ina jin ƙishirwa, wannan ba ladabi ba ce, likkafani ce.

Ƙungurus kan kusu. In akwai ƙarya a ciki, ta Gizo ce, ba tawa ba.