Tun Ranar Farko Na Gani

Akwai wani ɗalibin jami'a da ake ce wa Akawu, sunan da ya samu tun yana yaro saboda iya lissafi. Yana karatun sarrafa kuɗin kamfanoni, kuma gaskiya Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa. Amma fa yana da ciwo guda: ba ya iya jin an yabi wani ransa bai ɓaci ba.

Abin ya fi tsanani a kan Auta, ɗan baffansa, wanda ajinsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya. Auta bai kai shi lissafi ba, sai dai akwai bakin bayani. Duk ranar da Malama ta ce, "Madalla, Auta," sai Akawu ya haɗe rai kamar an cinye masa abinci. Wai yaron da shi ya koya wa riƙe biro, yau shi ake tafa wa!

A shekarar ƙarshe Malama ta raba ajin bibbiyu. Kowane biyu za su tsara yadda wani kamfanin sabulu zai samo kuɗin gina sabuwar masana'anta, su yi bayani gaban manajar kuɗi ta kamfanin. Mutum ɗaya tak za ta ɗauka aiki. Aka haɗa Akawu da Auta: Auta ya tsara, Akawu ya duba.

Da Auta ya gama, ya juyo da kwamfutarsa ya ce, "Yaya, duba mini, idonka ya fi nawa."

Kallo ɗaya Akawu ya hango ɓarakar. Auta ya sa kamfanin ya ci bashin da za a biya cikin shekara guda, alhali masana'antar ba za ta fara kawo riba ba sai bayan wasu shekaru. Wani daɗi ya ratsa Akawu har tafin ƙafa.

"Kai, ya yi!" in ji shi. "Kada ka taɓa komai."

Ranar bayani Auta ya tsaya gaban allo yana zuba, ɗalibai na gyaɗa kai. Bai ko rufe baki ba Akawu ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, wannan tsari zai durƙusar da kamfanin!"

Ya warware kuskuren dalla-dalla, yana satar kallon Auta, wanda gumi ya jiƙe masa riga.

Manajar ta cire tabarau. "Bayaninka daidai ne. Yaushe ka gano haka?"

Akawu ya bugi ƙirji. "Tun ranar farko na gani!"

"Kuma kai aka ba dubawa?"

"Ni ne."

"Ka faɗa masa?"

Akawu ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Malamarku sunanka ta fara ambata mini, kuma kai na zo da niyyar ɗauka. Amma aikin mai kula da kuɗi shi ne ya yi magana kafin a faɗa rami. Kuskuren ƙaninka horo kaɗan zai gyara shi. Wanda zai ga kamfani zai nutse ya yi shiru don abokin aikinsa ya ji kunya, ban san inda zan ajiye shi ba."

Wata ɗaliba daga wani rukuni aka ɗauka. Da Akawu ya koma ɗaki, ya tarar Auta yana naɗe katifarsa.

"Auta, tsaya mu yi magana mana."

"Yaya, lokacin magana ai ranar da na ce ka duba mini ne," in ji Auta, idonsa jajir. "Wallahi da kai aka ɗauka, ni zan fi kowa murna." Ya saɓa katifarsa ya fita.

Mai karatu, hassada kan mai ita take fara sauka. Akawu ya tsaya lissafin yadda zai kayar da ɗan'uwansa, ya zubar da aikin da dama nasa ne, ya haɗa da zumunci. In Allah ya nuna maka kuskuren ɗan'uwanka, ja shi gefe ka faɗa masa tun yana da amfani.