Maganar da Manaja Ya Bari a Mota

Akwai wani manajan kamfanin ɗinki da ma'aikatansa suke kira Kewaye, amma fa a bayan idonsa. Mutum ne mai tsafta, ga fara'a, ga iya gaisuwa. In ya tsaya tambayarka iyali sai ka rantse ɗan uwanka ne. Aibinsa ɗaya ne, kuma shi ya cinye sauran halayensa na kirki: ba ya iya duban idon mutum ya gaya masa magana. Komai ƙanƙantarta sai ya kewaya da ita. Abin haushin ma shi ne, shi a ganinsa wannan ita ce iya shugabanci.

Kamfanin ba wani babba ba ne. Ɗaki ne guda dogo, kekunan ɗinki a jere layi biyu, teburin yanka a can ƙurya, masu guga kuma kusa da taga saboda zafi. Ofishin Manaja na gilashi ne, daga kujerarsa yana hango kowa. A bakin ƙofa akwai allon sanarwa, kuma duk ranar Litinin da safe akan yi taro. To amma me ake faɗa a taron? Kewaye zai miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Alhamdu lillahi, komai yana tafiya daidai. Mu nan duk 'yan uwan juna ne." Shi ke nan, sai a watse. Takardar da ke jikin allon kuwa har rana ta cinye rubutunta.

Maganar gaske a mota ake yin ta. Kamfanin yana da direba ɗaya da ake kira Lasifika, shi ke ɗauko Manaja daga gida, shi ke kai kaya. Bawan Allah ba mugu ba ne, bakinsa ne dai ba shi da marfi. In Kewaye yana so wata magana ta isa kunnen ma'aikata, sai ya bari an shiga cunkoson motoci, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Wannan tsakanina da kai ne fa." Kafin a tashi shan shayi maganar ta zaga ɗakin ɗinki ta dawo.

Da haka ya hana makara: ya gaya wa direba wai Hajiya, mai kamfanin, za ta sa kyamara a ƙofa. Da haka wata mai guga ta ji an sauya mata wurin aiki, a bakin masu wanke kofuna, ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta fito. Ba a jima ba ma'aikata suka gane kan abin. Duk abin da aka faɗa a taro sai su gyaɗa kai su bar shi a nan, duk abin da ya fito daga bakin Lasifika sai su riƙe shi hannu biyu.

Sakatariyarsa, wadda kowa ke kira Anti don ta girme su duka, ta gaji da yi masa magana.

"Manaja, wai me zai ci ka in ka kira mutum ofis ka gaya masa? Ai ba duka za ka sha ba."

Sai ya yi dariya ya ce, "Anti ke nan. Tunda na hau kujerar nan kin taɓa jin na yi cacar baki da wani?"

"Ban taɓa jin ka yi magana da wani ba dai," in ji ta, ta ja tsaki ta koma kan aikinta.

Ana nan sai wata babbar makaranta ta ba kamfanin kwangilar ɗinka wa ɗalibanta kayan makaranta gaba ɗaya, riga da wando da siket, da sharaɗin a kai su kafin a dawo daga hutu. Hajiya da kanta ta zo ofis. Ita ba ta san kewaye-kewaye ba. Ta ce, "Aikin nan shi ne zai riƙe mu shekara guda. In ya kuɓuce, da kujerarka zai tafi." Ta ɗauki jakarta ta yi tafiyar da ta daɗe tana shiri, zuwa jinyar mahaifiyarta a wani gari.

Lokaci ya yi kaɗan, kowa ya sani. Sai an ƙara awoyin aiki, har da ranakun hutu. Anti ta ce, "Abu mai sauƙi. Ka tara su ka gaya musu gaskiya: ga aiki, ga lokaci, ga abin da za a ƙara musu. Ka fara da Baba Almakashi. In ya ce to, kowa ya ce to."

Baba Almakashi shi ne mai yanka. Duk rigar da ta fita daga kamfanin nan, allinsa ne ya fara zana ta, kuma rabin telolin shi ya koya musu riƙe yadi. Kewaye ya hango shi ta gilashi, tef ɗin awo a wuya, tabarau a kan hanci. Ya tuna yadda tsohon yake kallon mutum ido cikin ido, yana tambaya ɗaya bayan ɗaya. Nan take ya kawar da kansa.

"Bar ni da su," ya ce. "Na san hanyata."

Washegari da safe, a cikin cunkoso, ya yi ajiyar zuciyar nan tasa. "Wannan tsakanina da kai ne fa. Hajiya ta ce in an gama aikin makarantar nan za a rage ma'aikata. Masu sanyin jiki su za su tafi."

Hajiya ba ta taɓa faɗin haka ba, ko a mafarki. Shi dai so yake tsoro ya yi masa aikin da bakinsa ya kasa.

Da farko kuwa abin ya yi kamar zai ci. Kekuna suka ɗauki ruri, ba mai tashi shan ruwa, ba mai duba waya. Kewaye ya koma gida yana ta washe baki, ya ba matarsa labari suna cin abinci. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Baban yara, kai da ko ɗanka ya yi laifi sai ka ce in gaya masa, yau kai ne da tsorata magidanta da abincin 'ya'yansu? Allah ya kyauta." Ya ce mata ba ta san harkar ofis ba.

Ita magana in ta bar bakin mai ita ba ta tsayawa yadda aka sake ta. A bakin Lasifika "za a rage" ne. Da ta isa layin kekuna na farko ta zama "za a kori rabi". A wurin masu guga ta zama "za a rufe kamfanin". Wani ya ce ai shi ya sa Hajiya ta yi tafiya, ta je neman mai sayen kekuna. Wata ta rantse ta ga baƙo yana ƙirga su, alhali mai gyaran fanka ne. Kai, jama'a!

Abin da Kewaye bai lissafa ba shi ne wanda zai fara tafiya. Shi ya ɗauka malalata ne za su firgita su dage. Amma malalaci ina za shi? Wanda hannunsa ke da kyau shi ake nema a waje. Akwai wani shagon ɗinki a bayan kasuwa da ya daɗe yana zawarcin Baba Almakashi. Ranar wata Litinin aka zo aiki, teburin yanka wayam, almakashin kamfani a ajiye a kan yadi, an goge shi tsaf. Manyan teloli huɗu su ma ba su zo ba, sun bi malaminsu.

Kewaye ya shige ofis ya zauna. Anti ta tsaya a ƙofar ofis ta riƙe ƙugu. "To, ga hanyarka nan ta kawo mu. Sai ka fita ka yi musu magana."

Ya fita, ya tara sauran, kuma a karon farko ya faɗi gaskiya a taro. "Ku kwantar da hankalinku. Wallahi ba wanda za a kora. Kamfani lafiya lau yake."

Suka gyaɗa kai kamar kullum. Yana juya baya ya ji wata daga baya tana cewa ƙasa-ƙasa, "Tunda har ya ce lafiya lau, to ta ƙare." Ya sa Anti ta buga sanarwa, ya sa hannu, ya buga hatimi, aka manna a allo. Mutane suka taru suna kallonta kamar takardar sammaci. Wani ya ce, "Allon da ya shekara ba a taɓa shi ba, yau shi ne da sabuwar takarda? Lallai abin ya girma."

Da ya ga haka sai ya koma ga motarsa. "Lasifika, maganar nan da na gaya maka, ba haka take ba. Ka gaya musu ba gaskiya ba ce."

Direba ya dube shi ta madubi. "Yallaɓai, ni fa da kunnena na ji daga bakinka. Yanzu so kake in zama maƙaryaci a idon mutane?"

"Kai dai ka gaya musu!"

Ya kuwa gaya musu, daidai yadda aka yi. Ya shiga ɗakin shayi ya ce, "Manaja ya ce in ce muku ƙarya ce." A ranar wasu biyu suka ƙara tafiya.

Ba yadda ya iya, Kewaye ya wanke ƙafa ya tafi bayan kasuwa. Ya tarar da Baba Almakashi a sunkuye kan wani sabon teburi yana zana hannun riga. Suka gaisa. Kewaye ya yi ta kame-kame, ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon gwiwa, har tsohon ya ajiye alli ya ce, "Manaja, faɗi abin da ya kawo ka."

"Baba, maganar korar nan, ni na ƙirƙire ta. Don a yi sauri ne kawai. Don Allah ka dawo."

Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana kallonsa. "Ashe kana iya magana. Ɗana, tsakanin ofishinka da teburina wane nisa ne? Da ka taso ka ce, Baba, aiki ya yi mana yawa, a taimaka, wallahi da ko gida ba zan riƙa zuwa cin abinci ba. Amma ka bar ni, da furfurata, in ji makomata a bakin direba. Ina da 'ya'ya a makaranta. Na riga na yi wa mai shagon nan alkawari, ni kuma ba na mayar da magana." Ya mayar da tabarau ya ɗauki allinsa.

Sauran labarin ba daɗin ji. Aka ɗora wani tela a teburin yanka, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan riga ya ƙi zama, yadi bandir-bandir ya tafi a banza. Aka dawo daga hutu ko rabin kaya ba a haɗa ba. Makaranta ta aiko da motarta aka kwashe sauran yadin, aka kai wani wuri.

Hajiya ta dawo ta tsaya a tsakiyar ɗakin ɗinki, kekuna duk a kashe. "Wa ya ce zan rufe kamfanina?" Kowa ya dubi Lasifika. Lasifika ya dubi Manaja. Kewaye ya yi tsuru-tsuru, ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe," da wata murya da ko na kusa da shi da ƙyar ya ji.

Ta kira shi ofis ta rufe ƙofa. "A da ba ni da niyyar sallamar kowa. Yanzu babu aikin da zai riƙe su duka, dole layi ɗaya ya tafi. Kuma kai za ka gaya musu, ɗaya bayan ɗaya, a kujerar nan, da bakinka. Ni ina zaune. In ka gama ka ba Anti makullai."

Haka aka yi. Waɗanda suka shigo su ne waɗanda ba su gudu ba, waɗanda suka tsaya suna ta fama da yankan da ya karkace har ranar ƙarshe. Kowanne ya zauna a gabansa, kuma babu gilashi a tsakaninsu. Wani ya tashi ya fice. Wani ya ce Allah ya isa. Wata matashiya mai goyo ta saurare shi har ya gama, ta gyara zanin goyonta, ta ce, "Yallaɓai, ranar nan a taro ka rantse mana ba wanda za a kora. Ni kaɗai ce na yarda da kai a layinmu, har dariya aka yi mini." Ta tashi ta fita, ga kuma sauran mutane a bakin ƙofa suna jiran nasu.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Kowace ma'aikata tana da hanyar magana iri biyu: ta taro da sanarwa da ofis, da kuma ta hira a mota da ɗakin shayi. Hira ba laifi ba ce, da ita ake sabo, da ita shugaba yake jin abin da ke damun mutanensa. Amma ba a aika ta da maganar da ta shafi aikin mutum da abincin iyalinsa, domin ba ta da mai ita, kuma in ta fita ba a iya kiranta ta dawo. Shugaban da ya mayar da taronsa wurin faɗin "lafiya lau", ya mayar da jita-jita ɗan aikensa, ranar da yake matuƙar bukatar a yarda da shi ba zai sami mai yarda ba. In kana da magana da wanda ke ƙarƙashinka, ka kira shi, ka dubi idonsa, ka gaya masa gaskiya tun tana da amfani.