Hannun Bratu Maƙeri

Zamfira, Tanase, ku bar zage-zagen nan a waya ku saurare ni, ni gwaggonku. Tun da rigimarku ta fito fili, a fili zan yi magana.

Akwai wani mai ɗaukar fim, Octavian, da ya zo ƙauyenmu daga Bucharest, babban birnin ƙasarmu. Fim yake yi kan zamanin da masu gona ke sayar da mu Romawa, ƙabilar da aka bautar a ƙasar nan, tare da shanu. Ya sa maƙerin garin, Bratu, ubanku, ya ƙera masa ƙarfen da ake ɗaura wa bayi a wuya.

Kwana uku Octavian yana ɗaukar hoton bulala. Ya kafa kyamara daf da bayan ɗan wasa, a zuba jan ruwa, a yi ihu, a sake.

Bratu ya tofar da yawu ya ce, “Yaro, fim kake yi ko tallan bulala?”

“Tsoho, kai bugi ƙarfenka, ni in ɗauki hotona.”

Da Octavian ya haɗa fim ɗin, ya tara mu a zauren gari don mu gani. Samari na cin ’ya’yan kabewa. Wani ya ce, “Wannan jinin ai miyar tumatir ce!” Aka fashe da dariya.

Octavian ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya zaga garin nan har karnuka suka gaji da yi masa haushi. Daga ƙarshe ya shiga maƙera, hula a hannu.

“Baba, ina na kuskure?”

“Au, yau na zama Baba? To, wa kake tsammani ke ƙera ƙarfen nan a lokacin? Mu ne maƙeran. Kakan kakana, ubangidansa ya sa shi ya ƙera na matar shi kakan nawa, saboda ta gudu neman ’yarta da aka sayar. Da zare ya auna wuyanta. Ya wuni yana goge cikin ƙarfen da magagari don kada ya yanke ta. Iyakar abin da ya iya yi mata ke nan.”

Octavian ya sake ɗauka, ya sauke kyamara ƙasa, daidai uwar maƙera. Ya hana kiɗa. Ba a ganin fuskar kowa. Hannun Bratu kawai, yana gogewa, yana shafawa da babban yatsa, yana sake gogewa. A gefe ga takalmin ubangida yana bubbuga ƙasa. Minti huɗu, bai yanke ba.

Ranar da aka nuna mana, ko tari ba wanda ya yi. Mai zancen tumatir ya fita bai kalli kowa ba. Ni kuwa na tsinci hannuna a wuyana.

Watanni biyu bayan haka Bratu ya rasu.

Yanzu ga sadakar cikarsa shekara ranar Asabar. Kai Tanase ka ce sai an nuna fim ɗin a wurin. Ke Zamfira kin ce mu da muka ƙona rigunansa don ya huta, ba ma dawo da hannun mamaci ya motsa a gabanmu, kuma idan aka kunna ba za ki zo ba. Kowannenku na da gaskiya, kowannenku kuma na da taurin kan ubansa.

Darasi: Girman kai ba ya ganin inda ciwo yake. Mai son nuna azabar mutane, ya sauke kansa ya tambayi waɗanda suka gaje ta. Ku tura wa duk mai ganin ilimi a makaranta kaɗai yake.

Ku biyun kuwa, ku zauna ku yanke magana kafin Juma’a. Na riga na jiƙa alkamar sadaka, kuma ba zan dafa wa ubanku abinci da kujerar ɗayanku babu kowa ba.